Zamani riga: yadda kiɗan rok ya shigo Damagaram ta bakin keken ɗinki

Mai fitowa daga Yamai zuwa Damagaram yana cin kilomita wajen 900 bisa babbar hanyar da ta ratsa Doso, Dogon Dutsi, Ƙonni da Maraɗi, kafin ya hango manyan duwatsun nan da suka hau kan juna kamar da hannu aka jera su. Mai fitowa daga Kano kuwa kilomita 240 ne ke gabansa, ko ya bi ta Daura da Matamai, ko ta Ɓaɓura da Magarya. Wannan nisa da wannan kusanci sun daɗe suna tafiyar da rayuwar garin: doka da takardar biro daga yamma suke zuwa, haja da yayi kuwa daga kudu. Garin kansa unguwanni uku ne suka haife shi. Akwai Birni, mazaunin sarki da fadawa. Akwai Zango, masaukin fatake da Abzinawa. Sai Sabon Gari da ya tashi tsakaninsu a zamanin Nasara. Duk wanda ya taka da ƙafa daga ƙofar fada zuwa kasuwar Dole yana duban abin da mutane suka sa a jiki, zai karanta tarihin shekara ɗari da hamsin ba tare da ya buɗe littafi ba. Cikin wannan tarihi akwai babi guda da ba a cika ba da labarinsa ba, shi ne na shekarun da samarin gari suka fara ɗinka tufafi irin na mawaƙan rok-an-rol na Amurka da Faransa.

A Birni ya kamata a fara, domin can ne ake ganin abin da tufa take nufi ga mutanen Damagaram. Ranar hawan salla, in kakaki da algaita suka tashi, kowa na fitowa cikin suturar matsayinsa. Dogarai da ja da kore, hakimai da rawani da alkyabba, malamai da farare, attajirai da manyan riguna masu aska. Baƙo ba ya bukatar tambaya kafin ya san wa zai durƙusa wa. Sarauta ma da tufa ake ba da ita, shi ya sa ake ce mata naɗi. Yaro kuwa ba shi da ta cewa cikin wannan tsari. Daga bante sai taguwa, daga taguwa sai rigar da uba ko wa ya tuɓe ya ba shi, har ranar saukar karatu ko ranar aure da za a yi masa tasa ta kansa, ita ma irin ta ubansa ce sak. Namiji in ya balaga wanzami ya kwashe masa suma, ya rufe kai da hula. Fita kai ba hula a gaban manya abin kunya ne.

Kayan waje ba baƙi ba ne a wannan gari. Lokacin da Bajamushen nan Hainrik Bart, wanda ake kira Abdul Karim, ya sauka Damagaram a ƙarshen shekarar 1852, ya tarar da gari ne na ayari, ƙofar da ta haɗa Borno da Kano da Abzin. A zamanin Sarki Tanimun, wanda ya zagaye Birni da ganuwa ya kuma sa aka ƙera masa igwa, har ya rasu a 1884, raƙuma na tafiya Tarabulus da fatu da gashin jimina, su komo da alkyabba da jar dara da alharini. Daga Kura ta ƙasar Kano ake kawo turkuɗi mai sheƙi da Abzinawa ke naɗawa. Sai dai duk sabon abin da ya shigo, fada yake fara sauka. Sarki ya sa, ya yi kyauta da shi ga wanda ya ga dama, sannan a hankali ya gangaro zuwa attajirai da talakawa. Wuri ɗaya ne al'ada ta bar wa matasa su sa kayan da ba nasu ba: wasan kara. Bayan kaka, samari kan ƙera bindigogi da dawakai da karan dawa, wani ya fito a sarki, wani a alƙali, daga baya wani a kumandan ko shugaban ƙasa, manya su zauna su yi dariya. In wasa ya tashi, kowa ya tuɓe ya koma matsayinsa.

Zuwan Nasara bai rushe wannan tsari ba nan take. Bayan kisan Kyaftin Kazamaju a 1898, da yaƙin Tirmini na 1899 da mutuwar Sarki Amadu Kuran Daga, Faransawa sun zauna Damagaram, suka mai da ita babban birnin yankinsu daga 1911 har 1926, lokacin da aka ɗauke mulki zuwa Yamai. Sun kawo kaki da gajeren wando da hular kwano. Soja ya sa, tafinta ya sa, komin biro da ɗan lakwal suka sa. Amma wannan ma sutura ce ta aiki, daga sama aka yanko ta. Komi in ya tashi daga biro yakan rataye kakinsa a ƙusa, ya zura riga ya tafi masallaci.

A Amurka abin ya samo asali, bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Arziki ya yalwata, ƴaƴan ma'aikata suka daɗe a makaranta, suna kuma da ƴan kuɗi a aljihu. Masu kamfanoni suka gane cewa tsakanin yaro da magidanci akwai wani mai saye da ba a taɓa yi wa haja ba. A 1949 kamfanin RCA ya fito da ƙaramin faifai mai juyi 45 a minti, mai araha, wanda ba ya fashewa da wuri. A 1954 aka fara sayar da rediyon taransisto da ake riƙewa a hannu. Kiɗan da ya cika waɗannan faya-fayai daga baƙar fatar kudancin ƙasar ya fito, jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka, ya gauraya da kiɗan ƙauyawan Turawa. Bil Heli ya naɗi waƙarsa Rock Around the Clock a 1954, ta game duniya a 1955 da aka sa ta cikin fim ɗin Blackboard Jungle. A shekarar nan ta 1955 Cak Beri da Litil Ricad suka fito. Elbis Firesli, ɗan talakawa da ya fara naɗar waƙa a birnin Memfis a 1954, ya zama sarkin abin a 1956. Rawarsa ta tayar wa iyaye hankali, har a farkon 1957 wani babban shirin talabijin ya nuna shi daga ƙugu zuwa sama kawai.

Kiɗan ya zo da suturarsa. Elbis a titin Beale yake sayen tufafinsa, a kantin da mawaƙa baƙar fata ke saye: kwat mai launi, wuyan riga a tsaye, suma cike da mai an tayar da ita gaba kamar zanko. Sinima ta ƙara da rigar fata baƙa da Malon Barando ya sa a fim ɗin The Wild One na 1953, da wandon jin da Jemis Din ya sa a Rebel Without a Cause na 1955. Shi wandon jin tun 1873 kamfanin Levi Strauss ya yi rajistarsa, don masu haƙar ma'adinai da makiyaya. Tufar leburori ce, kuma launinta shuni ne, irin wanda marinan Kano da Damagaram suka san shi tun kaka da kakanni. Da ƴaƴan masu hali suka fara zuwa makaranta da shi, makarantu da dama suka hana. Ƴammata kuma suka ɗauki buje mai faɗi wanda ke buɗewa in ana juyi, da takalmi marar dunduniya, suna ɗaure gashi a ƙeya. A Ingila aka sami samarin da ake kira Tedi, masu dogon kwat da matsattsen wando. A Faransa jaridu suka cika da labarin masu baƙar rigar fata a 1959.

Ta Faransa ne abin ya fi kusanto ƙasarmu. A 1959 gidan rediyon Europe 1 ya buɗe shirin matasa mai suna Salut les copains. A 1960 Joni Halide ya fitar da faifansa na farko, shekarar da Cabi Ceka ya yaɗa rawar tuwis daga Amurka, shekarar kuma da Nijar ta sami ƴancin kanta ranar 3 ga Agusta. A 1962 shirin ya haifi mujalla mai wannan suna, cike da hotuna masu launi na Joni da Silbi Bartan da Faransuwaz Hardi. Ranar 22 ga Yuni 1963 matasa wajen 150,000 suka taru a dandalin Nation na birnin Faris don sauraronsu, daga nan aka laƙa wa zamanin suna yeye. Wani kamfani na birnin Liyon mai suna Teppaz kuma ya ƙera garmaho mai kama da ƙaramin akwati, ana ɗaukarsa da hannu ɗaya, wani samfurinsa ma da batir yake aiki. A garin da lantarki bai kai ko'ina ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Hanyoyi uku suka kawo wannan yayi gindin duwatsun Damagaram. Ta farko ita ce ta lakwal. Gari ne na makarantu, inda ƴaƴan Gure da Tanut da Magarya da Mirya ke zuwa karatu su kwana a makaranta, nesa da idon iyaye, gaban mushe-mushen da suka fito daga Faransa ko Dahome ko Togo. Mujalla ɗaya in ta shigo ɗakin kwana sai ta bi hannu hamsin, a yanke hotunanta a manna a bango da murfin akwati. In hutu ya zo, yayyen da ke karatu a Yamai, Dakar ko Abijan su komo da faifai da sabon ɗinki.

Ta biyu ita ce hanyar kurmi. Tun kafin ƴanci samarin Nijar ke tafiya ci-rani Kumasi da Ankara da Abijan. Jan Rush ya ɗauki hoton wannan rayuwa. A fim ɗinsa Jaguar, wanda aka ɗauka a tsakiyar shekarun 1950, Damure Zika na yawo a titin Ankara da baƙin tabarau da sigari a baki, yana bayyana abin da ake nufi da ɗan gaye. A Moi, un noir na 1958, Umaru Ganda ɗan dako ne a tashar jirgin ruwan Abijan, amma sunan ɗan wasan Amurka Edward G. Robinson ya laƙa wa kansa, abokinsa kuma Eddie Constantine. Wanda ya dawo gida daga irin wannan tafiya, kafin ya buɗe baki tufarsa ta riga ta ba da labari.

Ta uku, wadda ƴan kasuwa suka fi sani, ita ce hanyar gyaɗa. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗar Magarya da Matamai ta daɗe tana bi ta can zuwa Ikko. A 1962 gwamnati ta kafa SONARA don sayen gyaɗa, shekarun nan kuwa su ne gyaɗa ta fi kowace haja kawo wa ƙasa kuɗi. Kamyon da ya sauke buhuna ba ya komowa wayam. Yana ɗauko yadi daga Kantin Kwari, da na masaƙar Kaduna da aka buɗe a 1957, da tabarau da man gashi da takalma daga Sabon Garin Kano. Yaron mota da ya kwana can ya shiga sinimar Rex ko Palace, ya ga abin da samarin Ingilishi ke sawa. Kuɗin kaka ne ya ba ɗan manomi da ɗan dillali halin sayen yadi uku ba tare da ya roƙi ubansa ba.

Wani abin lura shi ne, rok ya fi shiga ta ido bisa ga kunne. Kiɗan da aka fi taka rawa da shi a garuruwan Afirka ta Yamma a lokacin na Kuba ne, irin su ca-ca-ca da pacanga, sai rumbar Kwango wadda Indépendance Cha Cha ta Giran Kale ta buɗe wa ƙofa a 1960, sai hailaif na Gana. A gidajen sinima marasa rufi kuwa, finafinan kaboyi da na Indiya ne ke tara jama'a. Rediyon Nijar, da aka buɗe a 1958, ta fi ba da wuri ga makaɗan gargajiya. Kaɗan ne cikin samarin Damagaram ke jin Ingilishin Elbis. Amma hoton da ke bayan faifai ba ya bukatar tafinta. Gani ya kori ji: tsayuwar mawaƙin, yadda ya karkata kafaɗa, faɗin wuyan rigarsa, tsinin takalminsa, duk ana iya kwaikwayo.

A nan ne tela ya shigo, kuma shi ne gwarzon wannan babi. Babu kantin da ke sayar da rigar Joni a Damagaram. Abin da ake da shi shi ne keken Singer a rumfar kasuwa ko a zauren wani gida a Zango, da mutumin da ya saba yanka wando mai zariya, wanda mutum biyu za su iya shiga. Sai ga yaro ya zo da shafin mujalla a ninke, yana so a yi masa wando mai bin cinya, marar zariya, mai aljihu a gaba da madaurin bel, da shamis mai matse haƙarƙari. Dole tela ya koyi awo da santimita, ya koyi sa zif da yin wuya mai tauri. Wasu sun koya wajen telolin Dahome da Togo da Yarabawa, wasu sun warware tsohon wandon Nasara suka shimfiɗa shi bisa takardar siminti suka fitar da zanensa. In babu yadin jin sai a yi da kaki ko dirin, wani lokaci a kai marina a tsoma. Rigar fata ba ta yi kasuwa ba, ko da yake gari ne na majema da dukawa, domin zafin Afrilu ba ya barin mutum ya sa ta. Ta haka hoton Faris ya zama tufar Damagaram: abin da rana da aljihu suka yarda da shi aka ɗauka, saura aka bari.

Kai ma ya sami nasa rabo. Samari suka bar suma ta taru, suna taje ta gaba, wasu su sa aska ta fitar musu da tsaga a gefe irin ta Lumumba. Hula ta koma aljihu, ba a fito da ita sai an doso ƙofar gida. Daren Asabar a tsakar gidan wani ma'aikaci a Sabon Gari, a yayyafa ruwa don ƙura, a rataye fitila, a aza Teppaz bisa tebur, kowane gungun abokai da sunansa da irin ɗinkinsa. Wanda ke son ganin kamannin waɗannan darare ya nemi hotunan Filip Kujina, wanda ya zauna Yamai tun 1959 yana ɗaukar gidajen rawa, ko na Malik Sidibe na Bamako, musamman wanda ya ɗauka a 1963 na saurayi cikin kwat da budurwa ba takalmi suna rawa goshi da goshi. Damagaram ba ta kai waɗannan birane hayaniya ba, amma mujallar da ake dubawa ɗaya ce.

Ƴammata kuwa hanyarsu ta fi ƙunci. Kaɗan ne ake sawa lakwal, mafi yawa ana yi musu aure da wuri. Ƴar lakwal ko ƴar ma'aikaci da ta sa rob zuwa gwiwa, ko ta ɗaure gashi da ƙyalle irin na Silbi Bartan, takan ɗaura zane a kai har ta isa inda za ta, sannan ta kwance. Saurayi in ya matse wando a ce yarinta ce, zai bari. Budurwa in ta rage tsawon tufa, sunan gidansu ne ya shiga bakin duniya. Da guntun buje ya fito daga Landan da Faris a tsakiyar shekarun 1960, wannan bambanci ya ƙara fitowa fili.

Dattawan Birni, a zamanin Sarki Sanda Umaru da ya yi mulki daga 1950 zuwa 1978, suna da hujjarsu. Wando mai matsewa ba ya barin mutum ya durƙusa ya gaida babba yadda ya kamata, ba ya barin a zauna bisa tabarma, yana kuma wahalar da mai alwala da mai sujada. Abin da ya fi damunsu ya wuce yadi. Ɗan bawa da ɗan sarki in sun sa ɗinki ɗaya, ta yaya za a bambanta su? Yaron da ya zaɓi rigarsa yau, gobe matarsa zai ce shi zai zaɓa. Kayan aro ba ya rufe katara, in ji su. Mustafa Alasan ya sa wannan gardama cikin fim ɗinsa Le Retour d'un aventurier na 1966, inda Zalika Sule da Jingare Maiga suka fito: saurayi ya dawo daga tafiya da akwati cike da kayan kaboyi, ya raba wa abokansa, suka ɗauki sunayen Amurkawa, wasa ya rikiɗe ya zama sata da kisa a ƙauyensu. Wasan kara ne wanda masu yinsa suka ƙi tuɓewa. A Mali ta Modibo Keita abin ya kai ga ƴan sintirin jam'iyya suna kama masu guntun buje da masu tara suma. A Damagaram bakin uba da na malamin zaure ne suka fi yin aikin.

In kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake. Kafin shekarun 1960 su ƙare Jemis Burawun ya karɓe fage, ya zo Abijan a 1968, ya zo Ikko a 1970. Matsattsen wando ya buɗe daga gwiwa ya zama ƙafar giwa, suma ta zama tuli guda, takalmi ya yi tudu. Wannan karon wanda ake kwaikwayo baƙar fata ne mai alfahari da launinsa. Sai fari na 1973 da 1974 ya karya gyaɗa, sojoji suka karɓi mulki ranar 15 ga Afrilu 1974. Saini Kunce ya farfaɗo da samariya, ya mai da matasa ƙarƙashin sarkin samari a kowace unguwa, aka buɗe gasar kokawa ta ƙasa a Tawa a 1975, aka yi bikin matasa na ƙasa na farko a Damagaram a 1976. Samari da ƴammata suka hau dandali cikin anko na atamfa, suna rawar gargajiya. Waɗanda suka yi tuwis a 1963 kuwa sun riga sun zama mushe da likita da shugaban biro, da yawansu sun je Makka sun komo cikin babbar riga.

Gardamar ba ta mutu ba, kuma ta nuna haƙoranta a farkon shekarun 1990. Lokacin da ruwan sama ya yi jinkiri, albashi ya yi wuya, a Damagaram da wasu garuruwan ƙasar an far wa mata a titi da kasuwa saboda buje, wai su ne suka hana damina. Fushin da ya kamata ya nufi talauci da rashin aiki ya sauka bisa wadda ba ta da mai kare ta. Wannan aibi ne a tarihin gari mai alfahari da ilimi da karɓar baƙo. Uba yana da ikon yi wa ƴarsa faɗa a cikin gida, malami yana da ikon wa'azi, amma babu al'ada ko shari'ar da ta ba taron titi ikon yaga tufar ƴar wani. A Janairun 1994 kuma aka karya darajar sefa da rabi, sabon yadi ya gagari talaka, dilolin gwanjo da ke shigowa ta Kwatano suka cika kasuwa. Wandon jin da ɗan lakwal na 1965 ke mafarkinsa ya zama abin da ake zubawa a ƙasa ana ciniki.

Wanda ya ƙarasa yawonsa a Kara-Kara, unguwar da aka fara tsugunar da kutare da marasa galihu a gefen gari, zai ga jikokin wannan yayi. Fim ɗin Zinder na 2021, na Aisha Maki, ƴar garin, ya nuna ƙungiyoyin samarin da ake kira pale: masu ɗaga ƙarfe, masu riga marar hannu, masu sunayen da suka tsinto daga finafinai, masu neman abinci da fasa-ƙwaurin man fetur. Hoton da suke kwaikwayo ta wayar salula yake zuwa, daga mawaƙan rap na Amurka da na Ikko. Bambancinsu da ƴan yeye babba ne. Ɗan lakwal na 1963 ya san biro na jiransa, tufarsa alama ce ta inda za shi. Saurayin Kara-Kara ba a yi masa alkawarin komi ba, tufarsa ita ce kaɗai hanyar da zai sa a dube shi. Ma'aikacin da ke ƙyamarsa daga cikin mota, in ya binciki akwatin mahaifinsa, mai yiwuwa ya tarar da hoton wani saurayi kai ba hula, wando a matse, ya dafa Vespa ta aro a gaban labulen mai hoto.

Abin da rok-an-rol ya bari a Damagaram bai kai a ji shi a kunne ba. Da wuya a sami mai tuna waƙar Bil Heli a Zango. Abin da ya bari shi ne ra'ayin cewa samartaka wani mataki ne mai tufarsa, wanda matashi ke zaɓa da kansa, kuma yayi na iya tasowa daga ƙasa ya hau sama. Har manyan kaya na yau sun ɗauki wannan darasi: kaftanin shadda da samari ke sawa ranar salla ya matse kafaɗa, wandonsa ya tsuke, da zif da aljihu, awon da telolin 1960 suka koya daga shafin mujalla.

Saura tambayar da ta shafi ƴan kasuwa da masu riƙe da biro. A wancan zamani hoto ne kawai ke zuwa daga waje. Awo da yanka da ɗinki da rini duk a gari ake yi, kuɗin kuma a gari yake kwana. Yau hoton da rigar duka a dila suke zuwa, tela ba ya ganin matashi sai azumi ya raba. Garin da ke da majema da dukawa da marina da ɗaruruwan kekunan ɗinki, da dubban samari masu son ado marasa aikin yi, yana da duk abin da ake bukata don ɗinka yayin ƴaƴansa da hannun ƴaƴansa. Wanda ya zuba jari a nan, ko ya sa hannu a takardar da za ta sauƙaƙa wa tela samun yadi da wuta da wurin koyo, ya fi mai tsayawa bakin kasuwar Dole yana auna tsawon wandon yaran mutane amfani ga Damagaram.